Daƙiƙa Tara da Farin Ƙyallen Kawu

Ka taɓa ƙirga daƙiƙa nawa motarka take yi tsakanin ka ja giya da ta ɗauka? Ni na ƙirga, domin ni komai ƙirgawa nake yi. Taku arba'in da biyu ne daga ƙofar garejinmu zuwa ramin gyara. Noti goma sha huɗu ne a kaskon giyabos na tsohuwar motar da zan ba ka labarinta. Saboda wannan hali bakanikai suka sa mini suna Agogo.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi kuma Baba Sannu suke ce masa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran giyar otomatik, ba ya taɓa wani abu a mota sai ita. Yana da guntun benci mai ƙafa uku da yake ja zuwa gefen kowace mota, da fararen ƙyallaye da matarsa, Inna, take yanka masa daga tsofaffin rigunan matashin kai. In aka kawo mota, sai ya sa a bar injin yana aiki minti goma sha biyar, shi yana zaune kamar mai jiran baƙo. Sannan ya zaro sandar awon mai, ya goge a farin ƙyalle, ya duba launin, ya sansana. Ni da ya ɗauko ya koya wa aiki, har ya damƙa mini tafiyar da garejin, wannan minti sha biyar ɗin ci mini rai yake yi.

Wata malama mai ritaya tana da motar marigayi mijinta, motar shekararta talatin da takwas, fentinta na asali. Kawu ya kwance giyabos ɗinta ya sake haɗa shi cikin kwana shida. Ranar da za a ba da ita, don a yi sauri, ni na canza tiyo biyu masu kai man giya lagireto ya huce. Minti goma sha biyu na yi, har na yi wa mai fentin garejinmu burga.

Bayan mako uku Malama ta dawo.

"Agogo, motar nan ta koyi shawara," in ji ta. "In na sa mata giya sai ta tsaya tunani, sannan ta zabura kamar an tsikare ta."

Na shiga, na taka birki, na ja zuwa D, na ƙirga. Daƙiƙa tara kafin ta ɗauka, da wata girgiza. Ribas, bakwai. Na kashe injin, muka tsaya surutu, can na zaro sandar awo. Mai ya cika har ya wuce alama. To in mai ya cika, giya kuma ba ta shiga, ai aikin ciki ne ya lalace. Haka lissafina ya ba ni.

Kawu ya taso yana jan bencinsa. "Tayar da ita, ɗan nan, mu ji."

"Kawu, na riga na duba. Mai a cike yake. Aikin ne bai yi ba." Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na juya wajen Malama na ƙara da cewa, "Ki yi haƙuri, hannu ne ya tsufa. Ni zan sake shi da kaina."

Mutum bakwai ne suka ji. Na san adadinsu domin na ƙirga su. Kawu ya ninke ƙyallensa ya sa a aljihu, ya ɗauki bencin a hammata, ya yi takun nan arba'in da biyu zuwa ƙofa.

Kwana biyu na yi ina sauke giyabos. Na buɗe shi a kan tebur, na jera kayan ciki. Farantan kuloci sababbi ƙal, robobi kowanne a mazauninsa, ko ƙwarzane babu. Na rasa abin kamawa. Sai idona ya faɗa kan jarkar da na tara man a ciki, mai layin awo a jiki. Lita biyar da kaɗan. Wannan mota bakwai da rabi take sha.

Na shiga rami da tocila na bi tiyo. A wuyan lagireto na ga kilif ɗaya mai ɗaure bakin tiyo a sake, ƙasansa ya yi ja da danshi. Sai injin na aiki yake ɗiga, shi ya sa a titi yake zuba, ba a gareji ba. Kilif ɗina ne, na minti goma sha biyu.

Da la'asar na je gidansa. Inna ce ta buɗe. "Ai ga mai sabon hannu," ta ce, ta ba ni hanya ba ta amsa gaisuwata ba. Kawu yana tsakar gida a kan bencin, yana kwance wata fanka da lafiyarta ƙalau.

Na durƙusa na faɗa masa komai.

"Da injin a kashe ka auna?" ya tambaya.

"A kashe."

"To ai man ya gangaro kasko ya taru, dole ya nuna maka ya cika. Sau nawa na nuna maka?"

"Ban ƙirga ba, Kawu."

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Yau ga abin da Agogo bai ƙirga ba."

Na ce ya yafe mini, ya dawo. Ya ce ya yafe tun a ƙofar gareji, amma ba a tsakar gidansa na yi maganar ba.

Washegari na tara bakanikai na nuna musu kilif ɗin a tafin hannuna. Biyar ke nan cikin bakwai ɗin da suka ji. Na je gidan Malama na faɗa mata, ta dube ni ta saman tabarau ta ce ba za ta karɓi motar ba sai Baba Sannu ya sansana man. Shida. Na bakwai wani direba ne da ya tsaya a ƙara masa iska a taya, ban san sunansa ba, ban san inda ya kai maganar ba. Wata huɗu ke nan ina duba kowace motar da ta tsaya wajen mai iska.

Kawu ya dawo ya haɗa giyabos ɗin. Daƙiƙa ɗaya da rabi ta ɗauka. Yanzu sau uku yake zuwa a mako, a tsaye yake aiki, bencin yana gida. Na sayo masa sabo, bai taɓa zama a kai ba.

In kana da tsohuwar mota mai jinkirin ɗaukar giya, don Allah gwada wannan kafin ka ambaci hannun kowa. Tsayar da ita a wuri mai baje, bari injin ya yi zafi, taka birki ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka dawo P. Kada ka kashe. Zaro sandar, goge a farin ƙyalle, mayar, sake zarowa, sannan ka duba. Minti goma sha biyar ne kacal. Ka zauna ka yi su cikakku.