Ƙofar da Kawu Ilu Ya Hana Sharewa

Shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir a Paki, da ranin shekarar muka rasa Kawu Ilu, yayan mahaifiyata. Ku da kuka san shi ba sai na faɗa muku ba: shi ne mutumin da ya hana tsintsiya taɓa ƙofar gidansa har shekara talatin.

Saboda fure ne fa! Yana saurayi ya yi aikin lambu a Zariya, ya dawo da irin wani fure ruwan hoda a aljihu. Sau ɗaya ya watsa shi. Tun daga nan, in furen ya bushe sai ya zubar da 'ya'yansa, damina ta faɗi ya tsiro da kansa. Shi ya sa da rani za ka ga Kawu zaune yana gadin ƙasa tsurarta.

Matarsa Inna Kulu na fitowa da tsintsiya zai miƙe.

"Kulu, ina zuwa?"

"Shara, Malam. Ƙofar nan ta zama juji!"

"Jujin nan ciki gare shi. Koma!"

Bai taɓa ɗebo wa furen ruwa ko moɗa ɗaya ba. In ruwan sama ya ɗauke, a kan furen yake alwala. Baƙo ma in ya ɗauki buta ya nufi gefe, sai Kawu ya ce, "Malam, matso nan, lada biyu za ka samu."

Da akuyar maƙwabci ta ci masa tushe uku, har gaban mai unguwa ya ja ta. Mai unguwa ya ce, "Ilu, ana miya da shi?"

"A'a."

"Magani ne?"

"A'a."

"To me ake yi da shi?"

"Ranka ya daɗe, kallo. Kai ma in za ka wuce da safe kana rage tafiya, ina ganinka."

A ranar aka ɗaure akuya.

Wata kaka na ce masa, "Kawu, bari in tara irin nan kaɗan a kwalba, don ko-ta-kwana." Ya harare ni. "Kwalba? Bai taɓa saɓa mini alkawari ba, sai yau zan nuna masa ban yarda da shi ba?" Na yi dariya na ƙyale shi. Dariyar nan tana damuna har yanzu.

Ranar da ya rasu, muna maƙabarta mata suka share ƙofar tas, don a shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi. Ba laifinsu ba ne, haka ake yi. Inna Kulu tana ɗaki, ba ta sani ba. Na dawo na tarar sharar tana ci da wuta a bayan gida.

Duk da haka, da ruwa ya sauka tushe tara na furen suka tsiro a gindin katanga, inda tsintsiya ba ta kai ba. Na kira Inna ta leƙo. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe bai tafi duka ba."

Ran kasuwar Makarfi na tafi sayen taki. Da na dawo sai ga Sani, babban ɗan Kawu da ke aiki a Kaduna, yana wanke injin feshi.

"Yaya, na fesa wa Inna maganin ciyawa a ƙofa, saboda macizai."

Na buɗe baki, na ga fuskarsa cike da murnar ya yi wa uwarsa aiki. Na ce, "Sannu da ƙoƙari." Bayan kwana uku tsiron nan tara suka yi rawaya, suka kwanta.

Damina biyu na ƙara ina zuwa duba gindin katangar. Ba abin da ya fito.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka a lambun da ba ya bushewa. Mu dai a nan mun rasa ka, mun rasa tsiro tara, ba mu da ƙwayar iri ko ɗaya. Ga shi na koyi rubutu da girmana, amma ko sunan furen ban sani ba balle in rubuta.