Haliru Mai Hoto, Wanda Ya Fitar da Ni Daga Turu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, labari ya iske ni a gona cewa Allah Ya karɓi ran Malam Haliru mai hoto na Kebbe, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malam Haliru, mutane sun san ka da hoton biki da na fasfo. Ni a zauren gidanmu na san ka, a wani ƙauye kusa da Fakku, ƙafata cikin turu. Farfaɗiya gare ni, dangi suka ce aljanu ne, suka ɗaure ni shekara da shekaru. Ka zo ɗaukar hoton suna, ka gan ni, ka tsuguna muka gaisa, ka tambaye ni ko na yarda ka ɗauki hotona. Kai ne na farko da ya nemi izinina a kan wani abu. Da na yarda, ka ɗaga kyamara ka ce kada in motsa, kamar yadda ka saba faɗa wa kowa. Kunya ta kama ka, ni kuwa na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Al'adarka ce ranar kasuwa ka jera hotuna a allo, masu su su zo su karɓa. Nan ka saka nawa, tsakanin amare da jarirai. Duk mai neman fuskarsa sai ya ci karo da ƙafata. Baffana Tambaya ya zo a fusace, wai ka tona asirin gida.

Ka ce masa, "Kowa ya san shina nan, Tambaya. Dubin shi na ba ku so."

Limamin garinmu, Malam Dawuda, ya daɗe tsaye gaban allon. Juma'ar da ta biyo ya yi huɗuba kan haƙƙin marar lafiya, aka kwance ni. A bayan babur ɗinka aka kai ni asibiti a Tambuwal. Har yau ina shan magani, ina noma, na yi aure. Na ji ciwon rashinka ƙwarai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inno da 'ya'yanka, Mujtaba da Khairiyya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka. Da ƙafafuna na taka har maƙabarta, ina cikin masu ɗaukar makararka.

Siddiƙ Ɗangiwa