Gilashin da Ya Tona Fuskoki Huɗu: Tunawa da Yaya Sabi'u

Yau shekara bakwai ke nan da aka kashe yayana, Sabi'u Mai Hoto, a hanyar garin Taba. Shagonsa na Ikara ya koma wurin cajin waya, kuma har yanzu in zan wuce ta nan sai na kau da kai.

Yaya yana da wasu 'yan gilasai da yake ɗaurawa a bakin kyamara, yana ce musu filta. Akwai mai rage hasken rana, akwai mai fito da koren gona. Wanda ya fi ji da shi wani ne mai duhu-duhu: in ya murza shi a hankali, ƙyallin da ke kan ruwa ko gilashin mota sai ya ɓace, a ga abin da ke ciki.

Wata ranar kasuwar Makarfi, da rana tsaka, yana ɗaukar hoton motocin rake, wasu mutum huɗu suka fito daga ƙaramar mota suka far wa wani ɗan acaɓa mai suna Iliya, wai ya goge musu fentin mota. Gora suka sauke masa a ƙeya, ya kife. Suka bi shi da adda yana kare kansa da hannu, har hannun ya daina ɗagawa. Mutane suka watse. Maharan suka faɗa mota suka ɗage gilashi, rana na dukansa, ba a ganin kowa. Yaya yana bayan tulin rake. Ya murza filtar nan, ya danna.

Da ya buga hoton, ga fuskoki huɗu tar.

"Yaya, don Allah ka goge," na ce masa. "Kana da iyali."

"Shi ma Iliyan yana da su, Hadiza. In na goge, gobe kiyama me zan ce?"

Ya kai wa hukuma, ya tsaya shaida. An kama uku, na huɗun ya tsere. Bayan sati biyu, da hantsi, yana kan babur zai je ɗaukar hoton suna, wasu mutane suka tare shi. Suka sassare masa hannun dama, suka farfasa kyamarar a kansa. Manoma ne suka tsince shi a bakin kwari. Ni na wanke rigarsa, sau uku ina canza ruwa.

Yanzu 'ya'yana ma suna da filta a waya, mai haska fata da share kurajen fuska. Na san da yana nan dariya zai yi musu. Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne yadda ake dukan mutum a titi, wayoyi a sama kowa na ɗauka, amma ranar shaida a nemi mutum ɗaya a rasa.

Na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Ya bar mana marayu uku. Matar Iliya ce ta sassauta mini zuciya. Kirista ce, muna ce mata Maman Rahila, kuma duk kaka sai ta kawo wa marayun masara daga Kudan. Bara na ce ta daina wahalar da kanta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ba don yayanki ba, da har yau duk direban da na gani sai in ce shi ne ya kashe mini miji. Yanzu ina shiga mota hankalina kwance."

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Na daina fushi.