Na goge wa Kawu burauzarsa

"Kawu, ya wayar yanzu? Tana gudu ko?"

Haka na tare shi jiya a kasuwar albasa ta Aliero, ina washe baki. Ni ne na je gidansa a Danwarai kwanaki na goge masa tsohuwar burauzar shiga intanet da ke cinye data, na sa masa wata sabuwa marar nauyi.

Ya ce, "Wallahi ɗana, wagga tana da sauri. Buɗewa take nan take. Sai dai ban san mi zan taɓa ba."

Ya miƙo min wayar. Farin shafi ne kawai da wurin rubutu. Kawu kuwa ajami ya iya, bai yi boko ba. Ashe a tsohuwar, 'yan hotuna yake bi: kore tafsiri, ja labaran rediyo. Tun ranar bai saurari ko ɗaya ba, kuma bai kira ni ba don kada in ji kunya.

Nan gefen buhunan na tsuguna ina mayar masa da tsohuwar, na kasa ɗaga ido.

Ku da kuke gyara wa tsofaffi waya, kuna tambayarsu kafin ku goge? Ni dai ban tambaya ba.