Tokar Inna Barla

A ƙauyenmu na kan dutse babu wanda ya kai Inna Barla ƙin jinin sanyi. Tun tana amarya shanu uku ne dukiyar gidansu, kuma kowace shekara ingirici kan ƙare musu kafin dusar ƙanƙara ta narke. Sai ta riƙa tara tokar murhu duk tsawon watannin sanyi. Rana na fara ƙarfi, ta goya buhu ta hau makiyayarta tana watsawa. Toka kan kama zafin rana, ƙanƙarar ta narke da wuri. Shi ya sa a filinta furen kirokus ke fara leƙowa, wasu farare wasu shunayya, gajeru kamar yatsa, alhali filayenmu na kwance fari fat. Da an gan su an san ciyawa na tafe. Mukan tsokane ta cewa har rana ma tsoronta take ji, ita kuwa ta ce mu ci gaba da hamma a gindin murhu.

Mijinta ya rasu, shanun suka ƙare, gwiwoyi suka gaji, amma ba ta fasa hawa da toka ba. Da ta zame a bakin ƙofa ta karye a hannu, ɗanta Duri ya zo daga birni ya ce zaman kaɗaici ya isa haka, ta koma wurinsa. Ta yi faɗa, ta yi magiya, daga ƙarshe suka daidaita: ranar da fure ya fito a filinta, ya zo ya ɗauke ta. Ni maƙwabcinta ya ɗora wa aikin buga masa waya.

A shekarar nan buhunan toka suka yi ta zama a bayan ɗaki. Ban gane ba sai wata safiya da na hau neman akuyata. Na same ta a durƙushe, shebur a hannunta mai lafiya, tana kwaso ƙanƙara daga inuwar dutse tana rufe wasu 'yan furanni da suka yi gaggawar fitowa.

"Inna Barla, me kike binnewa haka?"

"Kai dai Flurin, bakinka ya fi ƙafarka sauri. Ba ka ga komai ba, ka ji ko?"

"Idona ya tsufa, Inna. Miƙo shebur ɗin."

Haka muka yi ta rufewa kowace safiya, tsofaffi biyu suna kokawa da rana. Abin dariya ne, amma ni tausayi ya hana ni yi. Sai iska mai ɗumi ta taso daga kudu, kafin mako ya zagayo gangaren duka ya zama shunayya, har daga titin da ke gindin dutsen ana hangowa. Ban taɓa ganin filin nan ya yi kyau haka ba, ban kuma taɓa jin haushin fure irin na ranar ba.

Na ɗauki waya, amma na kasa kiran Duri. Ita ta shigo gidana da sandarta, ta karɓe ta daga hannuna ta kira ɗanta.

"Duri, sun fito," ta ce. "Kada ka yi gudu a hanya."