Alƙasum Tela da Gaisuwar Nesa

Duk Tawa ba wanda ya kai Alƙasum tela son gaisuwa. Tun yana ƙarami a Tebaram aka san shi da wannan ciwo. In an aike shi rijiya sai ya tsaya ya tambayi kowa kwana da gajiya da gida da bisashe, har a kwashe tuwo ruwan bai iso ba. Da ya girma ya zo Tawa ya koyi ɗinki, ya buɗe shago kusa da kasuwa, ya auri Haula. Bayan rasuwar mahaifinsa ya je ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Lalla, ya gina mata ɗaki a gidansa, taku bakwai daga ƙofarsa. Kullum da safe kafin ya fita sai ya durƙusa bakin ƙofarta ya gaishe ta, su ɗan taɓa hira. Tsohuwa ba ta neman komai a duniya da ya wuce wannan.

Sai Alƙasum ya sayi babbar salula. Ka ji inda aka samu matsala. Mutumin da ke gaida unguwa guda ya gano cewa in ya danna yatsa ya yi magana, muryarsa za ta kai Abijan da Agadas da duk inda ɗan Adar ya tafi ci-rani. Ya shiga gurup, wato zauren hira na salula, na teloli, da na ƴan Tebaram, da wani na masu kiwon tantabara, shi da ko ƙwai bai taɓa ajiyewa ba. Vokal, wato saƙon murya, ke shigowa kamar ruwan Agusta, shi kuwa a wajensa barin gaisuwa ba amsa abin kunya ne.

Da abin ya fi ƙarfinsa wani ya nuna masa inda ake taɓawa murya ta yi gudu. Daga ranar kowa ya koma yi masa magana kamar ɗan tsako, liman da mahauci duk murya ɗaya. Yakan tsinci kalma biyu ko uku, ya danna, ya zuba amsa.

Gaisuwar Inna kuwa ta fara ramewa. Da farko yana durƙusawa da salula a kunne. Can ya koma ɗaga mata hannu daga tsakar gida. Daga baya sai ya ce wa Haula, "Ki gaishe min da Inna," ya fice. Wata safiya Haula ta tare shi a zaure ta ce, "Maigida, Inna hwa ta soma ɗaurin kaya." Ya ce, "To, madalla," yatsansa na kan salula, amsar ta tafi Abijan.

Inna Lalla ba mai hayaniya ba ce. Ta yafa zanenta ta shiga gidan maƙwabciyarsu Nasiratu, ta ce a danna mata abin nan da ɗanta ke ji da shi. Ta gyara murya ta ce, "Alƙasum, ni ta, Lalla da ta haihe ka. Jibi ran kasuwa za ni koma Tebaram wurin ƙanwarka Rakiya. In kana da magana, ɗakina na nan inda kag gina shi."

Saƙon ya same shi a shago, ƙafa na kan keken ɗinki, allura a baki. Lamba ce da bai sani ba, muryar tsako ce irin ta kowa. Ya tsinci "jibi" da "Tebaram", ya cire allura ya danna.

"Hajiya, lahiya lau! Ina gajiya? Ina ɗiya? Ya ruwa wajenku? Allah shi kiyaye hanya. In kin isa Tebaram ki gaishe min da kowa da kowa. Inna ma na gaishe ki ƙwarai."

Sau uku Inna Lalla ta sa Nasiratu ta maimaita mata. Nasiratu ta danne dariya har hawaye suka zubo mata. Tsohuwa ta ce, "To, ina amsawa," ta koma gida ta ƙarasa ɗaurin kayanta.

Ran kasuwa da azahar Alƙasum ya dawo cin abinci ya ga ɗakin Inna a buɗe, ba tabarma, ba buta. Haula ta karɓi salular daga hannunsa, ta nemo saƙon, ta mayar da muryar yadda Allah ya yi ta. Da ya ji muryar uwarsa, sannan ya ji tasa amsar, sai ya gane abin da ya yi. Kunya irin ta ranar bai taɓa jin ta ba.

Ya tare kabu-kabu sai tasha, igiyar awo na lilo a wuyansa. Ya tarar da Inna a gaban motar Tebaram kusa da direba, ƙunshinta a sama an ɗaure shi tare da wani bunsuru. Ya zube a ƙasa bakin taga, jama'a na kallo.

"Inna, ki yi min gahwara. Wallahi ban gane muryarki ba. Ki sauko mu tai gida."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, wanda hakan ya fi yi masa ciwo.

"Ba hushi ni kai ba, Alƙasum," in ji ta. "Na lura mutanen nesa ka ka gaisuwa. Shi ya sa za ni yi nisa."

Direba ya tada mota. Alƙasum ya tuna shago a buɗe da rigar wani ango da bai sa wa hannu ba, amma duk da haka ya yi tsalle ya kama ƙarfen baya ya haye sama kusa da bunsurun. Suna tafiya yana sunkuyowa ta taga yana ƙwala mata kira, "Inna, ina wuni? Inna, ina gajiya?" Ita kuwa ta kafe idonta a kan hanya kamar ba da ita ake ba.

Sai da suka wuce gonakin bayan gari mota ta faɗa wani rami, aka ji bunsuru da tela sun yi ƙara tare. Inna Lalla ta taɓa hannun direba, ba ta ko waiwaya ba.

"Ɗana, rage gudu," ta ce. "Kuma ka ce ma wancan shi riƙe ƙarhe da kyau."