Faifan da Ke Ƙasan Durowa

Shekara arba'in da biyu Mai Garmaho ya yi a shago ɗaya, ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene. Ya ga zuwan kaset, ya ga tafiyarsa. Da waƙa ta koma cikin waya, sai ya koma gyaran fanka da dutsen guga, yana yi yana tsaki. Kwatsam kuma duniya ta juyo. 'Ya'yan waɗanda suka zubar da faya-fayansu a bola su ne yanzu ke layi a ƙofarsa, kowa rungume da garmahon kakansa, wai sautin faifai ya fi ɗumi. Shi dai abu ɗaya yake faɗa wa kowa: “Riƙe shi da hannu biyu.”

Abin da ba su sani ba, hannunsa na dama ya fara rawa. In zai ɗora allura a kan faifai sai ya jingina gwiwar hannu da tebur, ya ɗauke numfashi. Tsoro yake ji sosai, kuma ba don faya-fayan mutane ba.

A ƙasan durowarsa akwai wani ƙaramin faifai naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ba na waƙa ba ne. Farantin ƙarfe ne mai baƙin shafi, irin wanda a da ake shiga shago a yi magana ta minti ɗaya, inji ya zana ta a kai. Muryar matarsa ce a ciki, lokacin tana da cikin 'yarsu. Ta rasu yarinyar ba ta yi wayo ba. Shafin ya tsattsage kamar busasshen taɓo, kuma shi ya fi kowa sanin ma'anar haka: in allura ta bi ta kai sau ɗaya, za ta kankare shi. Juyi ɗaya ya rage.

'Yar tasa malamar asibiti ce yanzu, mai kafiya irin ta uwarta. Wata safiya ta shigo ta rufe ƙofar shagon.

“Baba, yau za mu sa shi. In ɗauka a waya.”

“Mamana, bari sai hannun ya ɗan lafa.”

“Bara ma haka ka ce. Ba zai lafa ba, Baba, ni na sani. Shi ma faifan ba jiranka yake yi ba.”

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa zafi. Ya warware ɗankwalin, wani ɓarɓashi baƙi ya zubo a tebur. Ya zaɓi allura mafi sauƙi, ya kashe fanka, ya sa ta gwada wayar sau uku. Da ya ɗaga hannun garmahon sai yatsunsa suka shiga kaɗawa. Mutumin da ya ɗora allura sau dubbai ya tsaya yana gumi kamar ɗan koyo. In ta zame, shi ke nan, ya kashe muryar da hannunsa.

Ta ajiye wayar a bakin lasifika, ta kama wuyan hannunsa. Tare suka sauke allurar.

Shuuu. Ƙas, ƙas. Sai dariyar matarsa.

“To me zan ce? Kai ka matsa sai na yi magana. Kai kuma na ciki, ko ke ce, a daina shurina haka, ana ɗaukar muryata.”

Ta sake dariya, ta kira sunansa, wanda rabon da ya ji shi a bakin wani har ya manta. Bayan allurar baƙin shafin na ta nannaɗewa kamar zare, farin ƙarfe na bayyana. Yana ji, yana kallon abin yana ƙarewa.

Da faifan ya tsaya, 'yar ta share ido ta danna wayar. Muryar ta fito, 'yar siririya, amma ita ce.

“Ta shiga, Baba. Na ma tura wa kaina a wuri biyu.”

Bai san inda wuri biyun suke ba. Ya dai san wayoyi nawa ya gani da fasasshen gilashi, da waɗanda suka faɗa ruwa, da waɗanda ya ji an fizge a tasha. Ta sungumi jaka, ta kama wayar da yatsu biyu tana lilo da ita, ta nufi titi inda motoci ke ta wucewa.

Ya biyo ta har bakin ƙofa, ƙafa ba takalmi.

“Mamana! Riƙe ta da hannu biyu.”